Tagar da Aka Mayar Sama

Sunan mahaifiyata Meta Zabel, kuma gajeriya ce, ko kafaɗar yawancin mata ba ta kai ba. Na fara da tsayinta ne domin duk masu digirin da suka shiga gidanmu da abin awo a hannu, shi kaɗai ne ba su auna ba.

A Dessau ta ƙasar Jamus aka haife ta a 1909, a Dessau ta mutu a 1997. In ka cire watannin da suka yi a ƙauye suna gudun bama-bamai, ba ta taɓa cika mako biyu a wani gari ba. Ba ta bar littafi ba, ba ta bar zane ba. Sunanta yana kan wani ɗan allo a ƙofar gidan da na girma, da ƙananan haruffa, ƙarƙashin sunan ƙungiyar da ta gyara gidan.

Tana da shekara goma sha bakwai aka buɗe sabon ginin Bauhaus, makarantar koyon zane da tsara gine-gine, a bayan tashar jirgin ƙasa, aka ce ana neman 'yan mata masu wanke-wanke a ɗakin cin abinci. Kakata ta ce ba inda za ta. Wurin da mata ke yanke gashi su sa wando, ƙarti kuma su yini suna zana murabba'i ja da da'ira shuɗiya su ce aiki suka yi. Bangon ginin duk gilashi ne, kakata ta ce mai mutunci ba ya zama inda za a riƙa kallonsa kamar kifi a kwalba. Mutti, yadda nake kiran mahaifiyata ke nan, ta tafi duk da haka. Shekara shida ta yi tana wanke kwanukan masu basira, ranar Asabar kuma ta hau tsani da bokiti da tsumma ta goge gilashin da ake zuwa daga ƙasashe a ɗauki hotonsa. Ba ta taɓa zama a aji ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya kama ta ƙaramin abu ne. Wata rana wata ɗaliba 'yar birnin Riga daga sashen ƙera ƙarfe ta shigo kicin da butocin shayi uku a kan tire, ta dire su gabanta.

"Ke ce Meta? Wanke mini waɗannan."

"Ai a wanke suke."

"Na sani. Sake wankewa, ki gaya mini wacce ta fi ba ki haushi."

Mutti ta wanke. Ta ce ta tsakiyar nan, bakinta ya matse, hannu ba ya shiga, kuma a gindin mariƙin akwai lungun da datti zai maƙale har abada. Ta ƙara da cewa wanda ya ƙera ta bai taɓa wanke ko cokali ba a rayuwarsa. Ɗalibar ta riƙe ciki tana dariya, ta ce malaminta ne ya ƙera. Ta fito da ɗan littafi ta rubuta. Bayan mako biyu ta dawo da butar, an buɗa bakin, an shafe lungun.

"Ki gane, Heidrun, ƙarfe aka canja saboda maganata." Na ji wannan ya fi sau ɗari. Kafin ranar, tambaya ɗaya aka taɓa yi mata a duniya: kin gama?

Daga nan ta zama tasu gaba ɗaya. Duk abin da ta tsinta a bakin ɗalibai tana kwashe faranti, ta haddace shi kamar karatu. Abu ya yi kama da aikinsa. Ado ƙarya ne. Bango fari, ɗaki da iska, haske ya shiga ko'ina. Ta yanke gashinta, kakata ta yi kuka kwana biyu.

A 1928 ta auri mahaifina, Ewald, mai buga ƙusoshi a masana'antar jirgin sama. Suka sami gida a Törten, sabuwar unguwar da shugaban makarantar ya zana wa ma'aikata: gidaje a jere manne da juna, rufinsu a shimfiɗe, kowanne da dogon lambu a baya na dankali da zomaye. Tagar ɗakin zama mai fuskantar titi doguwa ce siririya, cikin firam na ƙarfe, can sama. Hikimar ita ce haske ya zubo daga bisa ya ratsa har ƙuryar ɗaki, bangon ƙasa kuma ya zama wurin jingina kaya. Mai matsakaicin tsayi in ya miƙe tsaye yana ganin titi. A zaune, ba ka ganin komai sai sama.

Mutti ta ce ba ta taɓa ganin ɗaki mai kyau irinsa ba. Mahaifina ya ce ya taɓa kwana ɗaya a hannun 'yan sanda, kuma tagarsu ta fi wannan tausayi. Da hunturu ƙarfen yakan yi zufa, ruwa ya gangaro a bango ya bar baƙin layi.

A 1932 'yan Nazi, da suka yi rinjaye a majalisar gari, suka rufe makarantar. Mutti ta dawo gida da rigar aikinta a naɗe a hammata. Malamai da ɗalibai suka watse. A unguwa kuma maƙwabta suka fara fasa bango suna sa tagogin katako a ƙasa, da labule da tukwanen furanni. Wasu don su ga titi, wasu don tagar ƙarfe ta zama abin da ake kallon mutum a kai. Mutti ta tsaya ƙyam, ta ce ba a gidanta ba. Kakar 1935 ta tafi ƙauye kwana tara taya 'yan uwa haƙar dankali. Mahaifina ya kira abokansa biyu da guduma.

Ban zo duniya ba a lokacin, amma na ji labarin daga bakin kowannensu, kuma bai taɓa saɓawa ba.

"Ewald, me ka yi?"

"Taga na yi, mace. Da can rami ne a sama."

"Mutanen da suka fi ka sani sau dubu ne suka auna bangon nan."

"To su zo su zauna a ciki mana. Ina suke? Wanda bai gudu Landan ba ya gudu Mosko. Ni aka bari da bango mai zufa."

Mako shida ba ta yi masa magana ba. In ta ajiye abinci sai ta dubi kyanwa ta ce, "Gaya wa mai fasa gidaje miya na hucewa." Daga baya suka shirya, suka haife ni a 1944, suka tsira daga daren da aka ƙone garin, suka ci gwoza da ɓawon dankali tare bayan yaƙi. Ta yi jinyarsa da kyau har ya mutu a 1968. Amma tagar ba ta shiga cikin shirin ba. Sunanta ɓarnar Ewald. Ba ta taɓa sa mata labule ba. Kowace mata a titinmu tana da matashi a bakin taga, da yamma ta ɗora gwiwar hannu a kai ta sha kallo, ta yi hira da masu wucewa. Mutti kuwa ta juya wa tagar baya da kujerarta, in tana goge ta kuma kamar tana wanke ɗan da ba nata ba. Duk wanda ya shigo gidan, ko mai karanta mitar wuta ne, sai ta nuna masa inda asalin tagar take da kan tsintsiya.

Bayan yaƙi sabuwar gwamnatinmu ta Jamus ta Gabas ta ce makarantar wasan 'yan jari-hujja ce. Mutti ta yi shiru a waje, ta ci gaba da wa'azi a gida. A 1976 gwamnatin ta canja ra'ayi, aka gyara ginin, aka yi biki. Ta sa rigarta mai kyau ta tafi, ba wanda ya san ta. Ta dawo ta ce sun mayar da gilashin daidai amma ba su iya gogewa ba.

Ko'ina ta duba jikokin makarantarta take gani. Kujerar bututun ƙarfe a ɗakin jiran likita, haruffan allon tasha, fitilar teburina a ofishin masana'antar taragon jirgi inda na yi shekara talatin kafin a sallame mu. Har dogon benen siminti da ni da mijina Eckhard muke zaune a hawa na biyar, ta ce shi ma jika ne, sai dai jikan da ya lalace. Ni dai a farin ɗaki na tashi, ba hoto a bango, ba ƙyalle a tebur. In na je gidan ƙawayena na ga tarkacen 'yan tsana da furen roba, sai in ji kamar in roƙi a bar ni in kwana.

A 1991 ta zame a matakalar lambu ta karya ƙugu. Aka yi aiki, bai yi ba. Muka sauko da gadonta ƙasa, asibiti ya ba ta keken guragu. Wata uku ta yi tana kallon bango tana zagin likitoci. Wata ranar Laraba na shigo da cefane na tarar ta tura keken har jikin tagar, ta ɗora matashin gadonta a bakinta, gwiwar hannu a kai.

"Kada ki ce komai," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

"Ban ce ba."

"Hannuna ne ke ciwo. Nan ne kawai tsayin ya yi daidai."

Daidai kuwa ya yi. Mahaifina dogon mutum ne, amma bakin tagar ya tsaya cif inda gajeriyar mace a zaune za ta jingina. Ban san ko da gangan ya yi ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Shekara huɗu da rabi ta yi a wurin. Bakwai da rabi na safe ta buɗe tagar, ko da dusar ƙanƙara, ta lulluɓa da bargo. Mai kawo wasiƙu ta daina sakawa a akwati, sai ta miƙa mata hannu da hannu. Mutti ta san wanda aka sallama daga aiki tun kafin matarsa ta sani, domin ta ga ya wuce da jaka ƙarfe goma na safe. Ta san gidan da suka loda kaya suka tafi yammacin Jamus. Ta san wace ce ta sayi mota don ta ɓata wa maƙwabciya rai. Sannan ga Herr Kuhnert, wato Malam Kuhnert, tsohon direban jirgin ƙasa, da ke fitowa da tsohon karensa sau biyu a rana.

"Frau Zabel! Har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran taka jana'izar tukuna, in ga ko mutum biyar za su zo."

"Shida. Kare na ciki."

"Karen ma don ƙashi zai je. Gyara wuyan rigarka, kamar wanda aka kora daga mashaya."

"An kore ni ɗin. Na ce musu ke za ki biya."

Kullum haka, safe da yamma. Ta yi ƙiba. Ban taɓa ganin haƙoran uwata a waje don dariya ba sai a tagar da ta tsana. Kuma ko a lokacin, in baƙo ya shigo, sai ta ɗaga sanda ta nuna masa sama, ta ce can asalinta take.

Kakar 1995 Dokta Lindhorst ya zo. Mutumin yammacin Jamus ne, daga wata ƙungiya ta masu son tsohon zanen gine-gine. Baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, tabarau mai da'ira, murya a sanyaye. Suna neman gida ɗaya a unguwar da za su mayar yadda yake ranar da aka gama shi, don duniya ta ga abin da aka nufa kafin jahilai su sa guduma. Bai ce jahilai ba. Ladabi gare shi ƙwarai, har da furanni ya kawo. Wani ya ba shi labarin tsohuwar da ta yi aiki a makarantar, ya zo da rikoda ya ajiye a tebur.

Yamma uku ya yi yana tambayar ta. Me ake dafawa? Ina ɗalibai ke zama? Wane launi ne ƙofar kicin? Duk abin da ta ce sai ya rubuta. Na ga fuskarta. Shekara sittin da wani abu ba wanda ya fito da littafi don maganarta, sai ga wani ya zo da kaset. Ta ba shi labarin butar, ya cire tabarau ya goge ido. A yamma ta uku ya nuna tagar da biro.

"Wannan fa, Frau Zabel? Yaya kike ji da ita?"

"Ɓarna ce," in ji ta. "Mijina ya yi ta ina gona. Shekara sittin ban yafe ba. Da ina da ƙafa da na mayar da ita da hannuna."

Tana faɗa gwiwar hannunta na kan matashin. Ina tsaye a ƙofar kicin da kofunan gahawa, na ga ya dube ta kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya ce ba sai ta yi da hannunta ba. Ƙungiya za ta yi komai, ta sabunta rufi, ta sa na'urar ɗumama ɗaki, ita kuma ta zauna a gidanta har ƙarshen ranta. Abin da kawai suke so, Asabar ɗin farko ta kowane wata a bar baƙi su shigo su gani.

Yana fita na rufe ƙofa na dawo kanta.

"Mutti, kin san abin da za ki sa wa hannu? Nan za su toshe. Nan, inda hannunki yake."

"Za su gyara abin da ubanki ya ɓata."

"A zaune me za ki gani?"

"Haske."

"Hasken ne zai riƙa tambayar ki ko kin mutu? Hasken ne zai miƙo miki wasiƙa?"

"Ke dama ba ki taɓa fahimta ba. Jinin Ewald ce ke, furen roba ya ishe ki."

"Na ji, jininsa ce. Ki ce masa su gyara rufi su bar tagar. Ki ce sai bayan ranki."

Ta dubi titi. Wata mata na wucewa a keke, ta ɗaga mata hannu, Mutti ta ɗaga.

"Shekara sittin ina faɗa a titin nan," ta ce. "Ba gidan da bai ji ni ba. Na hana mijina magana mako shida a kai. Yanzu an zo za a yi, sai in ce wasa nake? Mutumin yana da shi a kaset, Heidrun."

Washegari na same shi a ofishin da suka kama a cikin gari. Ban zauna ba.

"Herr Dokta, kun auna bango, kun auna ƙofa, kun kankare fenti har kashi bakwai don ku ga na asali. Ita kun auna ta? Kun san inda idonta yake tsayawa in tana cikin keken nan?"

Ya ce ya fahimci damuwata. Ya ce mahaifiyata shaida ce mai rai, kuma abin da ya fi taɓa shi shi ne ita da bakinta ta roƙa. Ya ce su ba sa tilasta wa kowa, in ta ce a'a yau, magana ta ƙare. Gaskiya ya faɗa, shi ne abin da har yau ke cin raina. Ba wanda ya yaudare ta. Ba wanda ya ɓoye komai, zanen na kan tebur, tsayin tagar a rubuce. Ya tambayi yarinya 'yar shekara goma sha bakwai mai wanke buta, ta amsa, shi kuma bai ga tsohuwar da ke zaune a gabansa ba.

Ta sa hannu a watan Janairu. Da bazara muka ɗauke ta zuwa benenmu, Eckhard da maƙwabcinmu suka hau da ita hawa biyar a kujera. Mako bakwai ta yi wurinmu tana sukar labulena. A watan Mayu na 1996 muka mayar da ita.

An yi ɗan biki. Mutum wajen talatin a ɗakin da ke ɗaukar takwas, da 'yan jarida biyu da wakilin hukumar gari. Bango fari tas, ƙasa na ƙyalli, sun kawo kujerun bututun ƙarfe huɗu. Haske na zubowa daga sama har ƙurya, kamar yadda aka alkawarta. Kyau dai ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mai ɗaukar hoto ya ga matashin a cinyarta, ya ce in ɗan riƙe mata shi, yana ɓata hoton. Dokta Lindhorst ya yi jawabi, ya ce wannan mata ta tsare amanar makarantar lokacin da ƙasa guda ta manta. Aka miƙa mata abin magana. Ta ce, "Yanzu ya zama gida." Aka tafa. Kowa a ɗakin a tsaye yake, kowa na ganin titi da motocinsu a jere. Da suka watse ta tura keken da kanta zuwa inda ta saba. Gwiwoyinta suka taɓa bango. Ta zauna a nan, fenti a gaban hancinta. Na miƙa mata matashin, ta karɓa ta rasa inda za ta ɗora.

Kashegari bakwai da rabi Herr Kuhnert ya ƙwanƙwasa gilashin da sandarsa. Daga ciki saman hularsa kawai ake gani. Mariƙin tagar ya fi ƙarfin hannunta, na buɗe mata.

"Frau Zabel! Ina kike? Sun binne ki da ranki ne?"

"Ina nan, tsohon banza! Kai ne dai ba a gani!"

"Me kika ce?"

Kunnensa ɗaya ya mutu tun yana tuƙi, ashe duk shekarun nan bakinta yake karantawa. Suka yi ta ihu, shi yana me, ita tana me, har kare ya gaji ya ja shi. Sau biyu ya shigo ciki. Ya zauna a kujerar ƙarfe da hula a gwiwa, ta ba shi gahawa, suka yi maganar yanayi. Zagin da ke da daɗi ta taga, a cikin ɗaki rashin kunya ne, su biyun sun sani. Bai ƙara shigowa ba. Yakan dai buga gilashin sau biyu in zai wuce, ita kuma ta buga ƙasa da sanda. Wasiƙu suka koma akwati.

Eckhard ya haɗa mata dakalin katako mai gangara, a tura keken sama ta ga waje. Kwana uku ya yi yana aikin. Ta dube shi ta ce a fitar da shi.

"Haba, Mutti. Ranar Asabar ɗin baƙi sai mu ɓoye shi a lambu."

"Ba a zana ɗakin nan da dakali ba. Ni ba 'yar tsana ba ce da za a ɗora a kanta."

Na ce to zan zo da guduma in yi abin da ubana ya yi. Ta ce in na taɓa bangon nan, ba ni ba ita. Ko da ta yarda ma, gidan ya riga ya shiga jerin gine-ginen da doka ta kare, ƙusa ba a bugawa sai da takarda.

Sai na koma tsayawa a tagar ina ba ta labari. Ga matar gida na takwas da sabon gashi. Ga motar kwasar kaya a ƙofar su wane. Mako uku tana saurare, wani lokaci ta yi tambaya. Rannan ina cikin faɗa ta ɗaga hannu.

"Bari, Heidrun. Ba ki iya kallo ba. Kina gaya mini wa ya wuce, ba ki gaya mini yadda ya wuce."

Na bari.

Asabar ɗin baƙi kuwa ba ta taɓa fashi ba. Tun Juma'a za ta sa in wanke mata kai. Ɗalibai daga Japan, daga Amirka, daga ko'ina, su cika ɗakin su ɗaga kai suna yaba haske. Ta ba su labarin butar, ta ce musu abu ya yi kama da aikinsa, su rubuta. Wata yarinya ta taɓa tambayar ta yaya zama a gida irin wannan yake. Ta ce ba abin da ya fi shi. Suna fita sai ta koma kamar an zare mata waya, sauran kwana ashirin da tara na watan ta zauna inda aka ajiye ta.

Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, kada wani ya ce na ce. Abinci dai ya ragu. Ta fara rikita ranaku. Wata rana a Nuwamba ta tambaye ni ko itacen ƙofar gidan Kuhnert ya fara fure. Na ce lokacin ya wuce, Mutti, ganye ma ya zube. Ta ce oho. Likita ya ce shekaru ne, kuma tamanin da bakwai ba wasa ba ne. Wataƙila shekarun ne. Ba zan ce taga ta kashe ta ba, ba ni da takardar da zan nuna.

Ta mutu ranar wata Talata a Fabrairu, da rana tsaka, a cikin keken, fuskarta ga bango. Dokta Lindhorst ya aiko da furanni masu yawa da wasiƙa mai shafi biyu. Herr Kuhnert ya zo maƙabarta ba da karen ba, bai yi wa kowa magana ba.

Ranar da zan mayar da makulli na je kwashe sauran kayanta. Ba su da yawa, jaka biyu. Asibiti bai riga ya aiko a ɗauki keken ba, yana nan inda ta bar shi. Wata tara ina shiga ɗakin nan kullum, ban taɓa zama a cikin keken ba. Na zauna. Na fi ta tsayi, don haka na ɗan zame ƙasa har kaina ya zo inda nata yake zuwa. Akwai farin bango. A samansa akwai ɗan tsirin sama mai launin toka, da wayar lantarki guda, da kan fitilar titi. Ana jin takun mutane, ba a sanin na wa. Na yi kamar minti arba'in a haka. Tsuntsu biyu suka wuce. Na tashi na kulle ƙofa, na kai musu makullin kafin su tashi daga ofis.